Gwajin jinin APS a ɗakunan gwaji masu zaman kansu: inda aikin ke kyau da inda yake ɓaci

APS (antiphospholipid syndrome a Turance) cuta ce da garkuwar jiki ke ƙera sinadaran da suke juyowa kan mai su, su sa jini ya riƙa daskarewa a cikin jijiya. Likita Graham Hughes ne ya fayyace ta a Landan a 1983. Tana zuwa da kumburin ƙafa ɗaya saboda gudan jini, ko gudan jini a huhu, ko shanyewar ɓarin jiki ga matashi. Ga mata kuma tana jawo ɓari a jere, ko mutuwar ɗa a ciki, ko jijjigar da ke tilasta haihuwa tun ciki bai kai ba. A cikin matan da ake cewa suna wabi, ana ta kai su wajen masu magani, akwai waɗanda wannan ce matsalarsu, kuma tana da magani. Shi ya sa ya dace a duba yadda ɗakunan gwaji masu zaman kansu ke gudanar da wannan aiki, tunda can ake tura yawancin masu neman sa.

Ba kowa ya kamata ya kashe kuɗi a kansa ba. Ƙa'idar Sidini ta 2006, wato sharuɗɗan da ƙwararru suka tsayar don tantance cutar, ta ambaci wanda gudan jini ya taɓa toshe wa jijiya, da matar da ta yi ɓari uku a jere kafin mako 10, ko ɗa ya mutu mata a ciki daga mako 10 zuwa sama ba tare da an gano dalili ba, ko ta haihu kafin mako 34 saboda jijjiga ko gazawar mabiyiya. Wasu wuraren suna karɓar jinin duk wanda ya biya ba tare da tambayar dalili ba, kuma wannan aibi ne, domin lafiyayyen mutum ma ana iya samun ɗan sinadarin a jininsa, a ɗaga masa hankali a banza.

Gwajin guda uku ne: lufus antikowagulan da ake rubutawa LA, da antikadiyolifin wato aCL, da anti-beta-2. Na biyu da na uku kowanne ana auna IgG da IgM, wato nau'i biyu na sinadaran garkuwar jiki. A kan kanta sau da yawa kowanne da farashinsa, sai mai ƙaramin ƙarfi ya zaɓi mai rahusa, wanda galibi aCL ne. Shi kuwa shi kaɗai bai wanke mutum ba, bai kuma kama shi ba. LA ya fi sauran nuna haɗarin daskarewar jini, wanda kuma duka ukun suka fito masa shi ya fi kowa shiga haɗari.

Ɓangaren aCL da anti-beta-2 shi ne inda aikin ya fi kyau. Ana ɗibar jinin a kwalba mai jan murfi ko mai ruwan gwal, ba a buƙatar azumi, maganin tsinka jini ba ya canza sakamakon, samfurin kuma yana jure tafiya idan yana cikin sanyi. Abin dubawa shi ne takardar sakamako. Ɗakin gwaji na ƙwarai yana rubuta lamba, ya raba IgG da IgM, ya faɗi hanyar da ya bi wajen awon. Ƙa'idar 2023 ta ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai ta ɗauki 40 zuwa 79 a matsayin matsakaici, 80 zuwa sama a matsayin mai ƙarfi, a ma'aunin hanyar awo da ake kira ELISA, ta kuma rage wa IgM nauyi sosai idan shi kaɗai ya fito. Takardar da ta ce "akwai" ko "babu" kawai ba ta ba likita abin yin hukunci ba. Na'urorin kamfanoni daban-daban kuma lambobinsu ba sa daidaituwa, don haka maimaici a wuri guda ya kamata a yi shi.

A LA ne ake samun ɓarna, kuma yawancinta tana faruwa tun jinin bai isa na'ura ba. Kwalbarsa mai shuɗin murfi ce, da sinadarin sitiret mai hana jinin daskarewa a kwalba, na kashi 3.2 cikin ɗari, kuma dole a cika ta zuwa layi, domin kashi tara na jini ake so a kan kashi ɗaya na sinadarin. Idan ba ta cika ba, sitiret ya yi yawa, lokacin daskarewa ya tsawaita, sakamako ya karkace. Cikin awa huɗu ake so a wulwula jinin a na'ura, minti 15, a kwashe ruwan saman a zuba a wata kwalba, a sake wulwulawa. Dalilin yin sau biyun shi ne a rabu da ƙwayoyin filatilet, masu taimaka wa jini daskarewa. Idan suka rage aka sa samfurin a firiza, sai su farfashe su saki kitsen da ke jikinsu, kitsen nan ya shanye sinadaran da ake nema, a rubuta wa mai cutar cewa ba ta da komai. Ƙananan wuraren karɓar jini da dama ba su suke gwajin ba, aikawa suke yi wani gari. Ruwan jinin da aka tace ya kamata ya tafi a daskare ya isa a daskare. Jinin da aka jefa a kula da ƙanƙarar leda ya kwana a mota, ko wanda ya narke saboda ɗauke wuta aka sake daskarar da shi, bai cancanci a gwada shi ba, kuma takardar sakamako ba za ta faɗi haka ba. Tambaya biyu suna tona asirin wuri: a nan kuke gwajin ko aikawa kuke yi, sau nawa kuma kuke wulwula jinin? Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya inda-inda wajen amsa su.

A kan teburin gwaji ma akwai gajeriyar hanyar da wasu ke bi. Ƙa'ida ita ce a yi gwaji iri biyu, dRVVT da ake yi da dafin wata kububuwa ta ƙasashen Indiya, da kuma aPTT na musamman, wani awon lokacin daskarewar jini. Kowanne mataki uku ne: a ga ko jinin ya yi jinkirin daskarewa, a gauraya shi da ruwan jinin lafiyayye a ga ko jinkirin ya ci gaba, sannan a ƙara kitsen fosfolifid a ga ko ya gyaru. Wanda aka yi wa aPTT na yau da kullum aka ce masa an duba LA, an kware shi.

Sai maganar magungunan tsinka jini, wadda fom ɗin karɓar jini ya kamata ya tambaya amma sau da yawa ba ya yi. Wafarin yana rikita LA. Ribaroksaban yana sa dRVVT ya nuna cuta inda babu. Mai allurar enoksafarin a ɗebi jininta aƙalla awa 12 bayan allurar ƙarshe. Kada kowa ya dakatar da maganinsa da kansa don ya yi gwaji. Likita ne zai tsara lokacin. Haka kuma gwajin LA a daidai lokacin da gudan jini ya taso, ko ana cikin zazzaɓi mai zafi, yana iya karkata ta kowane ɓangare.

Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne cututtukan da ke tayar da aCL na ɗan lokaci: zazzaɓin cizon sauro, tunjere, HIV, tarin fuka, ciwon hanta nau'in C. Matar da ta yi ɓari tana tsaka da maleriya, aka ɗebi jininta a makon, za a iya ganin aCL ya ɗan hau, bayan wata uku a neme shi a rasa. Saboda haka ba a tabbatar da APS sai an maimaita gwajin bayan aƙalla mako 12 an sake samu. Wannan ne ma'aikatan kanta ba su cika faɗa ba, sai iyali su biya zagayen farko suna zaton an gama. A tambayi kuɗin zagaye biyu tun ranar farko. Akasin haka ma yana faruwa: gwajin tunjere na VDRL da ake yi wajen awo yana iya nuna tunjere ga mai APS alhali ba ta da shi, domin da kadiyolifin ake haɗa gwajin, kuma irin wannan kuskure yana iya girgiza aure. A tabbatar da TPHA, wani gwajin tunjere na daban, kafin a faɗa wa kowa komai.

Hukuncinmu a kan hidimar rabi da rabi ne. aCL da anti-beta-2 ana iya yin su a duk ɗakin gwajin da ke rubuta lambobi. LA kuwa gara a yi tattaki zuwa inda na'urar take, a ɗebi jinin a can, ko a bi ta sashen cututtukan jini na asibitin koyarwa domin su nuna inda suka amince da shi. Wahalar ta cancanta domin magani ya rataya a kan sakamakon. Mai ciki da aka tabbatar mata ana ɗora ta a kan ƙaramin asfirin da allurar hefarin, ba wafarin ba, saboda yana lahanta ɗan tayi. Wanda gudan jini ya taɓa kamawa wafarin ake ba shi, a riƙe INR, wato ma'aunin tsinkewar jini, tsakanin 2 da 3. Idan duka gwaje-gwajen ukun suka nuna cutar, ana guje wa ribaroksaban, tun bayan binciken TRAPS na Italiya a 2018, wanda aka dakatar kafin lokacinsa saboda masu shan sa sun fi masu wafarin samun toshewar jijiya.