Balan-balan ɗin tirela: robar iri ɗaya, gindin daban

Gaskiya balan-balan ɗin da na karɓa daga ƙarshe, wato jakunkunan iska na roba da ke ɗauke nauyin mota a madadin sifirin, masu kyau ne. Tun da aka ɗaura su a kan DAF ɗina motar ta zauna daidai, ba karkata, kwamfuresa ma ta huta da yawan cika tankin iska. Siminti muke ɗaukowa daga Ashaka zuwa Bauchi, kuma duk wanda ya san hanyar Bajoga ya san ba ta raga wa ƙafar mota. A kan ingancin roba ba ni da ƙorafi.

Ƙorafina kan yaron shagon da na sayi kayan ne da abin da ya fara turo mana.

Balan ɗaya na baya ya fashe kusa da Alkaleri, mota ɗauke da kaya. Sitikar da ke saman farantin da ya rufe kan balan ɗin ta goge tuntuni, sai direba ya ɗauki hoton lambar da ke jikin robar ya turo ta WhatsApp, ni kuma na tura shagon a nan cikin Gombe. Nan take yaron ya ce, "Akwai shi Alhaji, sak irinsa." Na biya, aka saka a motar haya. Da kayan suka isa, bakanike ya ɗaga ya gwada, kusoshin sama ba su hau ramukan shasi ba, bakin tiyon iska yana wani gefe, fistin ɗin ƙasa kuma, wato gindin da robar ke naɗewa a kansa, ya fi tsohon gajarta.

Bakaniken ne ya warware min a waya. Lambar jikin roba ta robar ce kaɗai. Kamfani yakan ɗauki roba iri ɗaya ya haɗa ta da faranti daban-daban da fistin daban-daban, wani na ƙarfe wani na filastik, gwargwadon motar da za ta hau. Cikakkiyar lambar tana kan sitika. Ta kamfanin Firestone, misali, takan fara da W01-358 idan awon inci ne irin na motocin Amurka kamar Mack, ko W01-M58 idan awon milimita ne irin na motocin Turai. Ko noti ba ya hawa idan aka cakuɗa su. In sitika ta tafi, to sai a ƙirga kusoshi, a auna tazararsu, a duba inda bakin iska yake, a auna tsayin fistin, ko a nemi lambar shasi. Mutumin da ke zaune a shagon kayan manyan motoci shi ya kamata ya tambaye ni wannan, amma ko tambaya ɗaya bai yi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne amsarsa da na kira. Wai "Alhaji ai ba matsala, a sa mai walda ya huda sabon rami." A shasin mota mai ɗaukar buhu ɗari shida? Ko da an huda ɗin, gajeren fistin zai sa gefen nan ya riƙa dukan ƙasa a kowane rami, robar ta naɗe ba daidai ba ta cinye kanta. Kamar ka sayi takalmi bai shige ka ba a ce ka rage ƙafa.

Maigidan shagon dai dattijo ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Da magana ta kai gare shi ya ce a kawo tsohon balan ɗin gaba ɗaya, ya ajiye shi kusa da sababbi, ya sa awo, ya zaro wanda ya dace. Shi ya ba ni shawarar in canza har da na ɗaya gefen tunda tsufansu ɗaya, kuma a duba abin daidaita tsayin mota, don in ya lalace yana sa balan ya cika fiye da kima. Duk na yi, na kuma ji daɗinsa.

Sai dai ina rubuta wannan raina yana sake ɓaci. Kuɗin motar hayar zuwa da dawowa ni na biya, abincin direba da yaron mota ni, mai kaya a Bauchi yana ta kira kamar na gudu da simintinsa. Ba wanda ya ce min ko "yi haƙuri" a kan wannan asarar, an canza kaya an ɗauka magana ta ƙare. Zan iya komawa shagon, amma sai in maigidan yana zaune. In yaron ne kaɗai a ciki, ko filta ba zan saya ta waya ba.