Dashen hanta ko allurar ƙwayoyin tushe?

Hanta kan durƙushe cikin 'yan kwanaki: ido ya yi ɗorawa, jini ya ƙi daskarewa, mutum ya fara sambatu. Farasitamol fiye da kima da ciwon hanta nau'in B duk suna jawo haka.

Wani maƙwabcina a Tudun Wada, da abin ya sami ƙanensa, ya zo da wayarsa yana nuna min tallar allurar ƙwayoyin tushe (stem cells), wato ƙwayoyin halittar jiki da kan iya rikiɗa su zama wasu ire-iren ƙwayoyin jiki. Na ce, "Malam, a bi a hankali."

Dashe tsohon hannu ne. Likita Thomas Starzl ya fara shi a Amurka a 1963, kuma dashen ne maganin da aka tabbatar idan hanta ta ƙi farfaɗowa. Sai dai kuɗi, da neman mai bayarwa (ɗan'uwa kan iya ba da wani yanki, tasa ta sake tohowa), da tafiya Indiya ko Masar, sannan shan maganin danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwa don kada jiki ya ƙi sabuwar hantar.

Ƙwayoyin tushe kuwa daga ɓargo ko igiyar cibiya ake samo su, a ɗura ta jijiya, ba fiɗa. Fatan shi ne su rage kumburi, hanta ta samu sararin gyara kanta ko a kai ga dashe. Amma har yanzu a matakin gwaji suke, yawanci a Sin. Mai tallar bai faɗi wannan ba.