Kawu, ga dalilin da ya sa ban aiko da albarushin ba

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya. Saƙonku ya iso ta bakin Inna, cewa tunda kun ji na shiga harkar farauta a nan jihar Montana ta Amurka, in samo muku albarushin Turawa, wanda ba ya hayaƙi. Ban so in ce "ba zai yiwu ba" kawai in yi shiru, domin ku kuka fara riƙe mini hannu a kan bindiga. Shi ya sa na zauna in yi muku bayani yadda ya kamata.

A nan mafarauta da yawa ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe. Mutum yana ajiye kwanson da ya harba, ya wanke shi, ya matse shi da ɗan inji ya koma daidai, ya sa sabon ƙyastu a gindinsa, ya auna albarushi ya zuba, sannan ya dasa kan harsashi. Wani dattijo da muke aiki tare shi ya koya mini a garejinsa. Bindigata ƙirar .270 Winchester ce, irin da aka fito da ita tun 1925, kuma da ita nake bin wata barewa da suke kira elk, wadda namijinta ya kai gwanki girma ko ya fi.

Ranar da na fara shiga kantin kayan farauta na ce a ba ni albarushi, mai kantin ya tambaye ni: wanne? Na ɗaga kai na ga kanta cike da robobi, kowace da lambarta. A gida albarushi albarushi ne, sai dai a ce na wane ya fi kyau. A nan kuwa an jera su bisa saurin cin wuta. Ku ɗauki busasshiyar ciyawa da gawayin ƙirya: ciyawa ta kama bal ta mutu, ƙirya kuwa tana ci a hankali tana ba da zafi mai ɗorewa, shi ya sa maƙera suke nemanta. Haka abin yake a cikin bindiga, ko da yake duka biyun ba su kai ƙiftawar ido ba. Ƙaramar bindigar hannu tana son mai saurin ci. Irin tawa kuwa kwansonta babba ne, ƙofarta ƙarama, don haka sai mai ci a hankali, wanda zai riƙa tura harsashi har ya kusa fita daga bututu. Idan aka cika irin wannan kwanso da mai saurin ci, ƙarfin zai taru lokaci ɗaya kafin harsashi ya motsa, ƙarfe ya fashe a fuskar mai harbi.

Ko a cikin masu ci a hankali sai na yi zaɓi. Akwai IMR 4350, akwai H4350 da H4831 na kamfanin Hodgdon, akwai Reloder 22, akwai N160 na Vihtavuori da ake yi a Finland. Ƙwayoyinsu kamar gutsattsarin taliya suke, an shafe su da wani sinadari da ke rage musu saurin kamawa. Abin da dattijon nan ya fi nanata mini shi ne kada lamba ta ruɗe ni: IMR 4831 da H4831 lambarsu ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne, awon wannan ba ya zama awon wancan. Shi kansa albarushin Hodgdon asalinsa ragowar albarushin soja ne da Bruce Hodgdon ya saya ya riƙa sayarwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yau kuma wasu daga cikin nau'o'insa a Ostareliya ake yin su.

Ni dai H4831SC, wato H4831 mai gajeriyar ƙwaya, na tsaya a kai, kuma yanayi ne ya sa. Ina gwajin harsashina a watan Yuli, lokacin da zafin nan yake tuna mini da bazarar gida, amma farautar elk da bindiga daga ƙarshen Oktoba take zuwa ƙarshen Nuwamba, wani lokaci cikin ƙanƙara har gwiwa. Akwai albarushin da ƙarfinsa ke hawa da zafi, ya sauka da sanyi, sai harsashi ya faɗi ƙasa da inda aka saita. Wannan kuwa an yi shi ne don kada ya canza sosai, ga shi ƙwayarsa gajera ce, tana zuba cikin ma'auni ba gardama. Ina ambaton sunan Allah in ja kunama, kuma ba na son dabba ta tafi da rauni saboda sakacina.

Abin da ya fi burge ni, Kawu, ba albarushin ba ne, awon ne. Kowane kamfani yana gwada kayansa da na'urar auna matsi, ya buga littafi, ya kuma sa a intanet kyauta: ga inda za ka fara, ga iyakar da ba a wucewa. Ana farawa daga ƙasa a hau kaɗan-kaɗan, in aka ji makullin bindiga ya yi tauri wajen buɗewa, ko ƙyastu ya baje, a tsaya a koma baya. Laba ɗaya ana raba ta gida 7,000, sikelina kuma yana auna kashi ɗaya cikin goma na gida ɗaya. Na tuna yadda kuke zubawa a tafin hannu ku duba da ido. Albarushinmu baƙi yana yafe wannan, na nan ba ya yafewa.

To ga inda maganar take. Bindigar toka da maƙeri ya ƙera ba a yi ta don ɗaukar ƙarfin wannan albarushi ba. Ko a nan, masu bindigar ɗuri ta baki an rubuta musu gargaɗi a jikin bututu cewa kada su kuskura su zuba marar hayaƙi. Don Allah ko wani ya kawo muku shi a kasuwa, ko ya ce ya fasa harsashi ya zazzage, kada ku karɓa, kuma ku gaya wa yaran da ke bin ku. Ban da haka, gidan waya ba ya ɗaukarsa, jirgin sama ba ya yarda da shi a jaka, fitar da shi daga ƙasar kuma sai da lasisi. Ko a cikin Amurka idan ka yi oda sai ka biya kuɗin dakon kaya masu haɗari daban.

Kada ku ɗauka komai na nan ya fi na gida. A 2021 kayan nan sun yi wuya ƙwarai, na taɓa tuƙin awa biyu zuwa wani kanti da aka ce an kawo, na tarar roba ɗaya ake ba kowa, kuma ta ƙare kafin layi ya zo kaina. Da bindigata ta sami matsala, mai gyara ya rubuta sunana ya ce in jira makonni. Ku kuwa da safe za ku kai wa maƙeri, da la'asar ku karɓa, kuɗi sai an sayar da nama. Kuma farautar nan shiru ce, mutum ɗaya ko biyu cikin riga ruwan lemo da doka ta wajabta, ba ganga, ba kirari. Ina kewar wannan sosai.

Abin da na ba ɗan'uwan da zai zo da ƙaramar salla ya kawo muku shi ne takalmin daji, tocila ta goshi, da abin toshe kunne. Inna ta ce kunnenku na hagu ya fara nauyi, don haka ku riƙa sawa duk lokacin da za ku gwada bindiga. Ku aiko mini da labari in takalmin ya yi muku daidai. A gaida su Gwaggo da yara.