Cron ba ya makara, amma kuma ba ya magana

Duk mai kula da sabar Linux ya san ayyukan da ba sa ƙarewa: ajiye kwafin rumbun bayanai kowane dare, share tsofaffin fayiloli, sabunta takardar shaidar tsaron shafin yanar gizo ta Let's Encrypt kafin kwana 90 ɗinta su cika. Na daɗe da miƙa irin waɗannan ga cron, wato manhajar da ke gudanar da umarni da kanta a lokacin da aka sa mata, kuma wajen kiyaye lokaci ba ni da abin cewa a kansa.

Tsohon kaya ne, tun shekarun 1970 yake cikin Unix, wanda yawancinmu ke amfani da shi kuma jikan wanda Paul Vixie ya rubuta ne a 1987. Ka buga crontab -e don buɗe jerin ayyukansa, ka cike gurabe biyar, wato minti, awa, ranar wata, wata da ranar mako, sannan ka bi da umarnin. Layin 30 2 * * * na nufin biyu da rabi na dare, kullum. Shi ke nan. A dai duba agogon sabar, don yawancin na haya kan UTC suke, wato agogon duniya da ke bayan namu da awa ɗaya, sai aikin ya tashi uku da rabi a agogon Najeriya.

Shirunsa ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Umarnin da ya tafi lafiya a hannunka sai ya faɗi a wurinsa, saboda PATH ɗinsa, wato jerin wuraren da yake neman umarni, gajere ne, galibi /usr/bin da /bin kawai, dole ka rubuta cikakkiyar hanyar kowane fayil. Alamar % kuma sabon layi yake ɗaukarta. In abu ya lalace imel yake turawa, sabar da ba a saita mata imel ba kuwa, saƙon ya bi iska, kai kana nan kana zaton kwafinka na ajiye. Shi ya sa kowane layina yake zuba sakamakonsa cikin fayil da nake leƙawa.

Ga kuma batun wuta. Na'urar da ke ofis, in aka ɗauke wuta lokacin aikin, cron ba ya ramuwa, sai gobe. Wannan ce ta sa na mayar da ita kan timer na systemd, wato mai kiyaye lokaci na manhajar da ke tafiyar da ayyukan Linux, na sa Persistent=true, da zarar ta kunnu sai ta rama abin da ya wuce ta, umarnin journalctl kuma ya nuna mini abin da ya faru. Fayil biyu ake rubutawa maimakon layi ɗaya, akwai ɗan wahala. Sabar haya da ba ta mutuwa kuwa, na bar wa cron abinsa.