Ganyen Shayi ko Gahawa: Wanne Ya Kamata Ka Saya Wa Gida?

Da hunturu ya kankama a Kaduna, teburan masu shayi daga Kawo har Tudun Wada ba sa rabuwa da jama'a. Magidancin da ya shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sayayyar wata kuwa yakan tsaya tsakanin kwalin Lipton da gwangwanin Nescafé yana lissafin aljihu. Da zai haɗa da lissafin jikinsa da ya fi.

Babban abin da ya raba su shi ne kafeyin, sinadarin nan mai korar barci. Kofi ɗaya na dafaffiyar gahawa yana ɗauke da kimanin miligiram 95, ta gari mai narkewa kusan 60, baƙin shayi wajen 45, kore kuma wajen 30. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce baligi mai lafiya zai iya shan har miligiram 400 a yini. Mai juna biyu kuwa, likitoci a Amurka da Ingila sun ce kada ta wuce 200. Sai dai mu nan muna da goro, kuma shi ma kafeyin ne fal a cikinsa. Wanda ya ci goro biyu da hantsi, ya zauna majalisar ataya bayan la'asar, ya ƙara da gahawa bayan isha'i, kada ya yi mamaki in zuciya ta riƙa bugawa, ido ya ƙi rufuwa. Bayan kamar awa 5 rabin abin da ka sha yana nan cikin jini.

Saboda haka mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai fama da ƙwannafi ko rashin barci, shayi ya fi musu sauƙi. Gahawa ba guba ba ce. Bincike da dama sun nuna masu shanta daidai-wa-daida, ba sukari, ba su cika kamuwa da ciwon suga da wasu cututtukan hanta ba. Ga direba ko ɗalibi mai safiya, kofi ɗaya ya wadatar.

Shayi ma yana da nasa aibin, kuma shi ya fi damuna saboda matanmu da yaranmu. Akwai sinadarin tanin a ganyen, wanda ke hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake, zogale da alayyahu. Mace mai ciki ko mai jego da aka ce jininta ya yi ƙasa, in tana kora ƙosai ko maganin ƙarin jini da ruwan bunu mai ƙarfi, rabin amfanin ya tafi. Ta bar tazarar awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci. Gahawa ma tana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfen.

Amma tsaya gaban mai shayi ka kalli yadda ake haɗa kakkaura: cokali uku ko huɗu na sukari, madarar gwangwani, Milo a kai, sannan a sheƙa daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa. Nan cutar take, ba a ganyen ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin yini kada ya wuce kimanin gram 50, wato ƙananan cokula 12, in an tsaya a 6 ya fi. Ƙananan ledojin gahawa masu haɗi uku (gahawa, madara da sukari), duba bayansu ka gani: galibi sukari ne farko a jerin abin da ke ciki. Ni ba zan saya wa mai ciwon suga su ba.

In gida ne mai yara da tsofaffi, sayi ganyen shayi zalla, ko na ƙulli ko na awo. Akwai Highland Tea da ake nomawa a tsaunin Mambila a Taraba. Ka haɗa da citta, kanumfari da na'a-na'a, ƙamshinsu kan sa mutum ya rage sukari da kansa. Gahawa kuma a sayi ƙaramin gwangwani mara haɗi, ta manya ce, ta safe. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ganyen awo kuma ka shinshina, in yana warin danshi bar shi.

Ko wanne ka dafa, bari ya ɗan huce. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ce yawan shan abin da zafinsa ya haura digiri 65 yana iya jawo ciwon dajin maƙoshi, kuma mu mun saba kurɓa yana tururi.