Lauya ko fadar sarki: ina za a kai magana?

Mutane da dama a Tahoua suna yawan tambayata: in rigimar gona, gado ko bashi ta taso, lauya za a ɗauka ko fada za a nufa?

Ta fannin kuɗi, fada ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Lauya kuwa akwai ladan aikinsa, kuma tun da yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, kuɗin mota da masauki ma kanka za su faɗo.

A fada da Hausa ake magana, ga dattawan da suka san iyakar gonar tun tana hannun kakanku. Dokar karkara ta 1993 ma ta ce rikicin gona a fara kai shi gaban sarakuna. Sai dai sarki sulhu yake yi, ba hukunci ba. In an daidaita, kar ka tashi sai an rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu, don maganar baka ba ta wuyar musantawa. Wani sa'in kuma mai ƙaramin ƙarfi, musamman mace, kan yi shiru don kunyar manya.

Takardun kotu da Faransanci suke, ga wa'adin ɗaukaka ƙara da ba ya jiran kowa. Nan lauya yake cin kuɗinsa da halal.

Ƴan uwa da maƙwabtan da gobe za su haɗu a masallaci, fada ta fi musu. Wanda aka kai wa sammaci, ko yake da babbar yarjejeniyar kasuwanci, ko ake tuhumarsa da laifi, ya nemi lauya.