Na kai wani bawan Allah wurin 'yan Katolika, ga abin da na gani

Tun farkon hunturun nan akwai wani dattijo da ke kwana bakin tasha kan kwali, mutumin wajen Kantché ne, daga Aljeriya aka maido shi cikin ayarin da ke biyowa ta Agadez, ya iso Damagaram ba ko dala kuma kunya ta hana shi ƙarasawa gida hannu biyu. Duk wanda ya san sanyin watan Janairu a garin nan ya san ba wasa ba ne. Mu 'yan fadarmu muna ba shi shayi da ɗan abin da ya samu, har ranar da tari ya kwantar da shi.

Wani maƙwabcinmu Kirista ne ya ce in kai shi wurin mutanensu masu aikin agaji. Gaskiya sai da na yi jim, don ban manta da 16 ga Janairun 2015 ba, ranar da aka ƙona majami'u a garin nan kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo, har Kiristoci suka fake barikin soja. Na ce da wane ido zan shiga. Amma na ɗora shi kan kabu-kabu muka tafi.

Wallahi ba wanda ya tambaye shi addininsa. Sunansa, garinsu, da abin da ke damunsa, shi ke nan. Wata mata ta ce "Baba, ka ci abinci yau?" ya yi shiru, kafin a ce me an kawo masa koko mai zafi. Aka duba shi, aka rubuta ordonans kuma su suka biya maganin, aka ba shi bargo da sabulu da riga mai kauri. Da azahar ta yi maigadin wurin da kansa ya miƙo masa buta ya nuna masa gabas, wannan abin ya tsaya mini a rai har yau. Kwana biyu ya yi a wani ɗan ɗaki, tabarma da katifa, tsaf-tsaf, sannan aka haɗa masa kuɗin mota.

Dama aikin nasu ba sabo ba ne a ƙasar nan, ƙungiyar Caritas ta Nijar, wadda ake kira CADEV, tun 2005 take aiki, kuma mu nan Zinder muna ƙarƙashin bishop na Maradi ne a tsarinsu.

Sai dai kada wani ya ɗauka otel ne. Ɗakin ƙarami ne, mutane da yawa na jira, mun kai kusan awa biyu kan benci kafin layi ya zo kanmu, in za ka kai wani ka yi sammako. Abin da ya fi damuna kuma shi ne yawancin taimako mata da yara ake dubawa, daidai ne, amma namiji babba in ya faɗi sai a ce ai ƙato ne ya je ya nema, alhali ga su nan kwance gefen kasuwar Dolé kowane dare.

Shekaranjiya dattijon ya kira ni da wayar ɗansa daga ƙauye, ya ce "ɗana, tarin ya lafa, ka gaida mini matar nan mai koko." Gobe in Allah ya kai mu zan je in isar da saƙon, da barguna uku da muka haɗa kuɗinsu a fada.